Rumbu na Biyu

Kwamfutata ta tebur ta fara tari,
wani ƙas-ƙas a cikinta, kamar ɓera a danga.
Shekara tara tana shagon nan na Jahun,
bakin tasha, jikin rumfar mai faci,
tana haɗiye duk abin da aka miƙo:
takardun gonakin fadama,
hotunan 'yan firamare masu kunnuwa a miƙe,
da fuskar marigayi Barau masunci,
wanda sau ɗaya tak ya tsaya gaban kyamara,
ya murtuke kamar mai bin bashi.

Ran Laraba 'yarsa ta zo neman hoton.
Na danna, allo ya yi shuɗi, ya ɗauke.
Na kunna, ya ɗauke.
Sai a na uku Barau ya leƙo.
Ita ta yi kuka, ni na yi gumi,
daren nan ban san inda barci ya kwana ba.

Na kai buhun riɗi kasuwa.
Gwaggo Tabawa ta ce, me za a saya?
Na ce had-dis, Gwaggo.
Ta ce yau ga zamani,
da a bakin malam muke jin hadisi kyauta.
Na ce ba shi ba, wannan rumbu ne,
rumbun da ake sa wa a aljihu.

Sagiru ɗan yayata ya zo da su daga Kano,
ya baje guda huɗu a kan benci.

Na farko ƙato, tera huɗu,
amma sai an ja masa wutarsa daban.
Mu da wuta ke mana gaisuwar mutuwa,
ta zauna kaɗan, ta ce a ƙara haƙuri, ta tashi?
Na ture shi gefe.

Na biyu bai kai akwatin ashana biyu ba,
babu abin da ke juyi a cikinsa,
ko ya faɗi, in ji Sagiru, sai ya kaɗe jiki.
Da ya faɗi kuɗin, ni ne na kusa faɗuwa.
Kuma cikin nasa kaɗan ne,
ba zai ɗauke bukukuwan shekara uku ba.

Na uku ya fi kowa baki:
tera takwas, a kuɗin tunkiya ramammiya.
Na ɗaga shi, ba nauyi, kamar gora a rani.
Na dubi Sagiru. Ya sosa ƙeya.
Ya ce Kawu, mun taɓa fasa irinsa,
ƙusa biyu muka tarar an manne da gam,
da wani ɗan kati da bai fi farce ba.
Araha dai ba ta ado.

Na huɗu ba shi da abin nunawa.
Tera ɗaya, rigar roba baƙa,
igiya guda, daga ita yake ci yake sha.
Na kara shi a kunne yana aiki,
yana ɗan gurnani, kamar kyanwa ta ƙoshi.
Na sa muka zuba masa kaya, muka zare, muka mayar,
muka buɗe su ɗaya-ɗaya har la'asar,
don ba a sayen rumbu sai an leƙa gindinsa,
gara ba ta sallama.

Shi na ɗauka.

Daren nan batirin sola ya yi ta numfashi,
koren layi yana rarrafe a allo,
shekara tara tana ƙaura a hankali,
ko jaki ba a ɗaura wa kaya ba.
Da kiran asalatu ya cika.

Ban bar shi a shago ba.
Wanda ya taɓa ganin gobarar kaka
ba ya jera rumbunansa kafaɗa da kafaɗa.
Na naɗe shi a tsumma, na kai wa Gwaggo,
ta buɗe adaka, ta ɗaga zannuwa.

Ta ce Barau ma yana ciki?
Na ce yana ciki.
Ta juya shi a tafin hannu, ta daɗe.
Ta ce to, ya zauna nan ƙasa-ƙasa.
Dama ina bin sa canjin kifi.